Kaka Ba Ta Son Wankan Safe

A ɗakin jinyar tsofaffi suka fara haɗuwa, ranar da aka kwantar da Kaka bayan ta zame ta karye a ƙugu. Jikarta, wadda kowa ke kira Auta, ita ke amsa duk tambayar da wani saurayi, nas ɗin ɗakin, ya yi.

"Tana cin komai, kuma da safe ake mata wanka."

Saurayin ya yi murmushi, ya jawo kujera daf da gadon. "Yi haƙuri, bari in ji daga bakinta. Kaka, me kike so?"

Tsohuwar, da ta yini ba ta ce uffan ba, ta ɗago kai. "Ba na son wankan safe, ɗan nan, sanyi nake ji. Kuma mace nake so ta yi mini. Maganin nan ma barci yake sa ni, ba na gane masu zuwa dubiya."

Kunya ta lulluɓe Auta. Duk hidimar da take wa Kaka, ba ta taɓa tambayarta ba. Ta ɗaure masa fuska, ko gaisuwa ta daina. Amma da aka mayar da wankan yamma, likita ya sauya magani, sai ga Kaka tana ci tana hira.

Da aka sallame su, ya ba Auta lambarsa ko wani abu zai taso. Ita ta fara turo saƙo: "Yau Kaka ta taka da sanda. Ka yafe mini ɗaure fuskar da na yi."

"Alhamdu lillahi," ya amsa. "Ɗaure fuskar ma kyau take miki, Gimbiyata. Gobe zan iya zuwa duba maras lafiyata?"

Tun ana cewa dubiya, har kowa ya gane.

Da maganar aure ta taso, Baban Auta ya ƙi. "Namiji da aikin jinya? Ga ɗan abokina injiniya yana jira!"

Auta ta sha kuka har idonta ya kumbura. Kaka ta sa aka kira mata ɗanta.

"Kai da ka zo asibiti, a bakin ƙofa ka tsaya kana waya. Yaron nan durƙusawa yake ya sa mini takalmi. In ba ka ba shi ita ba, ni zan aure shi."

Baba ya sunkuyar da kai, dariya na cin sa. "Na amince, Inna."

Ranar ɗaurin aure Kaka ta haɗa hannuwansu cikin nata. "Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku masu jin ƙanku ranar da ƙarfi ya ƙare."

Ango ya buɗe baki zai ce amin, hawaye suka riga shi.