Wadda Ta Auri Tanderu

Ranar da suka fara haɗuwa, da masifa ta tarbe shi.

Injin kwaɓi ya tsaya cak tun da safe, kwaɓin da ke cikin baho yana ta kumbura, masu shaguna sun cika ƙofar gidan burodinta suna mita. Shi kuwa mai gyaran wutar da aka kira sai da rana ta take ya shigo, da jaka a kafaɗa, yana taku kamar ango.

"Malam, kunkuru ka hau?" ta ce, hannu a ƙugu. "Ko ta'aziyyar gidan ka zo yi?"

Ya dubi fuskarta, fulawa har gira, ya danne dariya. "Ranki ya daɗe, mara lafiya na zo dubawa. Ina yake kwance?"

Ba ta yi dariya ba. Ya buɗe cikin injin, ya zaro wata waya da ta ƙone, ya sa sabuwa. Injin ya tashi da ruri.

"Wayoyin gidan nan duk sun gaji," ya ce yana goge hannu. "Kamar mai gidan."

"Gyara na kira ka, ba wa'azi ba."

Tun daga ranar bai rasa abin gyarawa a gidan ba. Yau soket, gobe fanka, jibi ƙwan fitilar da lafiyarsa ƙalau. Ya sa mata suna Fulawa. Ita kuma tana ce masa Injiniya da gatse, har gatsen ya zube, sunan ya zauna.

Wata rana ya rubuto mata: "Fulawata, na bi ta layinku, ƙamshi ya riƙe mini ƙafa. Kin ci abinci kuwa? Kar ki ce mini shayi."

Sai da ta fitar da zubin burodi na ƙarshe ta amsa: "Na ci. Ƙarya nake. Ka daina sa ni murmushi a gaban ma'aikata, za su raina ni."

Da ya kai maganar aurensu gida, mahaifiyarsa ta taɓe baki. "Wannan ai ta riga ta yi aure," in ji Umma. "Tanderu ta aura. Kai me za ka zama, mai kunna mata wuta?"

Ya yi ta lallashi har Umma ta yarda a kawo ta gaisuwa. Ranar da aka sa, Fulawa ta yi wanka, ta sa kayan fita, ta ce bari ta leƙa ɗakin gashi kafin ta wuce. Tana shiga, faranti mai zafi ya suɓuce ya ƙona wata ma'aikaciya a hannu. Ta kwashe ta sai asibiti, wayarta tana kan tebur tana ta ringin ba mai ɗauka. Umma ta yi girki, ta zauna tana kallon ƙofa har abincin ya huce.

Ana cikin wannan sai ga yayan Fulawa da tasa. Akwai wani dillalin fulawa, mai mota da tumbi, da ya daɗe yana sonta, ya fi daɗewa yana son gidan burodin. Shi ya kama ƙafa da Yaya: zai sayi gidan, ya aure ta, ta huta.

"Ki yi wa kanki faɗa," in ji Yaya, yana gutsurar burodin da bai saya ba. "Duk sa'o'inki suna ɗakunansu. Har Injiniyan naki ma cewa ya yi gara ki saki gidan nan."

Jin haka ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi shagon Injiniya. Ta same shi yana warware wata tsohuwar fanka.

"Ashe da kai ake cinikina?"

Ya ɗago, fuskarsa ba walwala. "Sannu da zuwa. Yau aka sake ki?"

"Ka san abin da gidan nan ya ci a jikina? Babanmu ya rasu ina aji uku a jami'a, na tattara littattafai na koma gasa burodi a bayan ɗakin Mama. A kan buhu na yi ta kwana. Ƙawayena sun gayyace ni biki har sun gaji sun goge lambata. Dubi hannayena!" Ta miƙa masa su, duk tabon ƙuna. "Sai yanzu da ya tsaya da ƙafarsa kowa ya zama mai tausayina?"

Ya ajiye sukundireba da ƙarfi. "Ban ce ki sayar ba. Cewa na yi ki saki makulli ko na yini ɗaya. Uwata ta sa sabon mayafi tana jiranki, Fulawa. Ko saƙo!"

"Yarinya ce ta ƙone!"

"Na ji, a bakin mutane na ji. Da ba ki leƙa ba fa? Gida cike da ma'aikata, ba wanda kika yarda ya riƙe miki ko cokali. Da namiji ne ya sha gabana da na san yadda zan yi da shi. To, ta ina ake kokawa da tanderu?"

"In ka gaji, hanya a buɗe take."

"Ke ce kika gaji. Tsoron faɗa kike."

Ta juya ta fita, ta buga masa ƙofa har wani ƙwan fitila ya faɗo daga kan tebur.

Kwanakin da suka biyo baya ma'aikata a ɗarare suke. Ta yi faɗa a kan gishiri, ta yi faɗa a kan leda, ta yi wa injin ma faɗa. Wayarta shiru. Tana cusa farantai a tanderu tana yi wa kanta shari'a. Gidan nan ya cinye mata karatu, ya cinye ƙuruciya, ga shi yana neman haɗiye mutumin da yake tambayarta ko ta ci abinci. Amma gidan ne ya kai ƙannenta har suka gama makaranta. Shi ya sa Mama ba ta taɓa tsugunawa a ƙofar kowa ba. Matan nan da ke murza kwaɓi, da shi suke ɗora tukunya. Ya biya ko bai biya ba? Tambayar ta ƙara tunzura ta.

A haka dillalin ya shigo da Yaya, yana shafa bango kamar ya riga ya saya.

"Cire hannunka," ta ce. "Gidan ba na sayarwa ba ne, mai gidan ma haka. Kai kuma Yaya, lokacin da nake kwana a kan buhu ba ka nemo mini hutu ba. Ka bar shi yanzu."

Suna fita ta tsaya tana huci. Sannan ta ciro makullan daga wuyanta, ta nufi Inna, dattijuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan. Ta miƙa mata.

Inna ta karɓa tana ƙunƙuni. "Tun kina goyo nake gashi, sai yau aka ga na isa. Je ki, kafin ki fasa."

A gidan su Injiniya, Umma tana tsintar shinkafa Fulawa ta yi sallama. Ta durƙusa ta gaishe ta, aka amsa a daƙile.

"Umma, na yi laifi, ki yafe mini. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba zan rufe gidan ba."

"To me ya kawo ki?"

"Yau na bar shi a hannun wata. Ban taɓa yi ba. Amma ga ni."

Umma ta ture faranti gefe. "Babansa shago gare shi. Ƙeyarsa kawai muka sani, har ya koma ga Allah. Ni na san wannan zaman, shi ya sa ba na so wa ɗana." Ta kamo hannun Fulawa, ta juya shi tana duban tabon, ta daɗe ba ta saki ba. "Shi dai bai taɓa barin makulli ba. Tashi daga ƙasa, 'yar nan. Yaushe rabonki da abinci mai zafi?"

Can an jima Fulawa ta rubuta: "Injiniyana, ina gidanku. Umma ta ce ba inda za ni sai na cinye. Zo ka cece ni."

Amsa ta shigo nan take: "Har yanzu fushi nake da ke. Ga ni nan a guje, zumata."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Ranar walima Inna ta aiko da burodi cike da kwali, gefen wasu ya ɗan yi baƙi. Amarya ta hango, ta buɗe baki za ta fara. Ango ya matse mata hannu. Ta harare shi, ta haɗiye maganar da ƙyar, ta gutsura ta ci.

Mama tana gefe tana share hawaye. Umma ta dafa kawunan ango da amarya.

"Allah ya sa albarka a gidanku da sana'arku, ya hana ɗaya ya cinye ɗaya. Ya ba ku zuri'a masu albarka, masu sanyin hali, ba irin uwarsu ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Amin ɗin amarya ya fi na kowa ƙarfi.