Lambar Tanko

Ku matso kusa. Jummai, bar wasa da fitilar nan.

A Rafin Baƙi, garin masu haƙar kwal, akwai wata doka. Duk mai shiga rami sai ya karɓi fitilar goshi, ya rataye lambarsa ta tagulla a allo. In ya fito, ya mayar da fitila, ya cire lamba. Lambar da ta kwana a allo, mai ita yana ƙasa, dole a shiga nemansa.

Baba Ilu ne mai tsaron allon.

Wata ranar jajibirin Salla, lamba ɗaya ta rage, ta Tanko. Tanko sarkin mantuwa ne, ya sha wucewa gida da fitila a goshi. Ilu yana sauri. Ya zare lambar, ya jefa aljihu, ya kulle ɗaki.

Tanko baƙo ne, ba mata, ba dangi. Sai bayan kwana uku aka fara cigiyarsa. A lokacin ruwa ya riga ya cinye ramin. Ilu bai taɓa gaya wa kowa ba.

Shekaru suka wuce. Aka rufe ramin, jirgin ƙasa ya daina zuwa, mutane suka watse. Har liman ya kwashe iyalinsa. 'Ya'yan Ilu suka yi ta roƙonsa ya bi su birni, ya ƙi. Shi kaɗai yake kiran salla, shi kaɗai yake yi. Abin tausayi, wallahi.

Wata rana da magariba yana share ɗakin fitilu, sai ya ji sallama. Muryar kamar daga cikin rijiya take fitowa.

Mutum ne tsaye a ƙofa, fitila na ci a goshinsa. An yi wata biyar ba ruwan sama, amma duk inda ya taka, baƙin ruwa ke kwanciya.

"Malam Ilu, an tashi aiki?"

Ilu ya saki tsintsiya. "An tashi, Tanko. Da daɗewa."

"Na yi ta bugun dutse. Ban ji kowa ba."

Ba faɗa a muryar, ba zargi. Wannan ne ya karya zuciyar tsohon.

"Ni na cire lambarka," in ji Ilu, yana hawaye.

"To mayar mini. Don su san ina ƙasa."

Ilu ya zaro ta daga aljihu, inda take tun ranar nan, ya rataye.

"Tanko, ai garin ba kowa. Wa zai zo nemanka?"

Tanko ya dubi lambarsa a allo. Ya juya, ya nufi bakin ramin a hankali.

Ilu ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ɗauki fitila.

Da 'ya'yansa suka zo bayan mako guda, sun tarar da ɗakin a share, ƙofa a buɗe. Lamba biyu a allo.

Har yau suna nan. In hanya ta bi da ku Rafin Baƙi, kada ku je ku kaɗai. Kuma komai ƙyallin tagullar nan, kada wanda ya cire ta.