Notin Baya Guda Biyu

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka bugo wa Sufeto waya cewa wani ɗaki ya faɗi a kwanar da ke bayan gada. Sai da ya sa aka maimaita masa, don shekararsa goma sha tara a aikin nan bai taɓa jin ɗaki ya yi hatsari a kan titi ba.

Da suka isa shi da Saje, sai ya ga mai wayar bai yi ƙarya ba. Akori-kura ce fara, an cire mata bodin baya an sa shimfiɗaɗɗen ƙarfe, wanda masu gareji ke kira faranti. A kan farantin ake ɗora ɗan ɗakin kwana mai gado da taga da tankin ruwa, a ɗaure shi ta kusurwa huɗu da ƙusa mai zare da noti. Motar tana tsaye lafiya lau a gefen titi. Ɗakin kuwa ya kife a can ƙasa cikin kwazazzabo, a cikinsa aka ciro gawar wani tsoho.

Direban yana zaune a kan kwalta, rungume da takalmin tsohon wari ɗaya. Mai gyaran famfon burtsatse ne da ke yawo gari-gari, mamacin kuma mahaifinsa ne. Tsufa ya taɓa wa tsohon tunani, idan aka bar shi a gida sai ya fita ya ɓace, kuma babu mai kula da shi. Shi ya sa ɗan ya sa aka ƙera ɗakin nan, ya riƙa tafiya da shi duk inda aiki ya kira.

"Gudu kake yi?" Sufeto ya tambaye shi.

"A'a."

"Ka taka birki da ƙarfi?"

"Yallaɓai, rubuta kawai. Ni na kashe shi."

Sufeto bai rubuta ba. Ya sha ganin masu laifi, kuma ba su cika saurin miƙa wuya haka ba. Ya hau kan farantin ya duba ramukan ƙusoshin guda huɗu. Na gaba biyu sun yage, guntayen ƙusoshin da suka karye suna nan maƙale da notinsu. Na baya biyu kuwa fes suke, ko ƙwarzane babu. Ya tura Saje ya bi titin da ƙafa ta inda motar ta fito, idonsa a ƙasa.

A caji ofis, shugabansu bai ga abin bincike ba. Mutum ya ɗauki tsoho a wurin da ba a ɗaukar fasinja, ya kuma amsa da bakinsa, me ya rage? Ya ce a sa shi bayan kanta, gobe da safe a kai shi kotu. Sufeto ya roƙi a ba shi zuwa yamma. Abin ya tsaya masa a rai, za a binne uban mutum shi yana kurkuku, yana ganin hannunsa ne ya yi kisan.

Bayan azahar Saje ya dawo, gumi ya jiƙe shi sharkaf, yana mitar cewa shi ba a ɗauke shi aiki don tsintar ƙarafa ba. Amma ya samo. Ƙusa ce mai kauri, nesa da kwanar sosai ya tsince ta. An ja mata layin fenti rawaya a ka. Zarenta kuwa sabo ƙal, da man kamfani a jiki, babu alamar an taɓa murɗa mata noti.

Suka tambayi mai famfo wa ya taɓa motar na ƙarshe. Ya ce jiya aka sauke ɗakin a garejin Injiniya don a yi wa farantin walda, da yamma aka mayar. Ya ƙara da cewa kada a dami Injiniya, mutumin kirki ne, shi ke ba Baba kujera da shayi duk lokacin da suka je.

Garejin dogon rumfa ne, cike da farantai a jingine da ɗakuna kan ƙafafun jak suna jiran motocinsu. Injiniya, wato mai wurin, dattijo ne ƙaƙƙarfa mai shuɗiyar rigar aiki. Ya tarbe su a tsaye, ya ce ya ji labari, ya yi wa mamacin addu'a. Daga nan ya shiga yabon aikinsa tun ba a tambaye shi ba.

Ya ce a garejinsa akwai doka, kuma shi ya kafa ta. Ƙusa ana zura ta ne ta sama, noti kuma sai an kwanta a ƙarƙashin mota ake ɗaure shi. Wanda ya ɗaure, shi zai ja layin rawaya a kan ƙusar. Inda duk ka ga rawaya, an gama, ba mai sake taɓawa.

"Wa ya ɗaure na baya jiya?"

"Ni da hannuna."

"To yaya aka yi suka fita?"

Injiniya ya ɗaga kafaɗa. Ya ce masu mota ba su rabo da taɓe-taɓe, wataƙila mai famfo ya kwance don ya gyara tankin ruwa ya manta.

Sufeto ya ja mai walda gefe. Ƙanin matar Injiniya ne, mutum mai furfura a gemu da ƙarancin magana. Ya ce shi ya ɗaure na gaba, sai iskar gas ta ƙare ya tafi sayowa. Da ya dawo ya tarar da na baya da rawayarsu, don haka bai leƙa ba.

"Ka ga lokacin da Injiniya ya shiga ƙarƙashin motar?"

Mai walda ya dubi ƙasa. "Yaya ya ce ya ɗaure."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Mai walda ya shiga murza safar hannunsa.

Sufeto ya koma wajen Injiniya yana wasa da makullin motarsa. Suna tsaye kusa da wata akori-kura da ake wa aiki, sai ya saki makullin, ya sa ƙafa ya ture shi ƙarƙashinta kamar bai sani ba. Ya ce wa Injiniya don Allah ya taimaka masa, shi kakinsa sabon guga ne.

Injiniya ya dubi makullin. Ya dafa farantin ya fara sunkuyawa, bai kai rabi ba fuskarsa ta yamutse, gumi ya keto masa. Ya tsaya a haka, ya kasa sauka ya kasa miƙewa. Mai walda ne ya rugo ya tallafe shi, da gani ya saba yin hakan. Wajen ɗago shi, wani abu ya yi ƙara a aljihun shuɗiyar rigar.

"Fito da shi," in ji Sufeto.

Noti ne guda biyu, sababbi. Sufeto ya ɗauki ɗaya ya murɗa a ƙusar da Saje ya tsinto, ya shige sumul har ƙarshe.

Aka kawo wa Injiniya kujera, ita ce wadda yake ba tsohon. Ya zauna ya yi bayani a hankali. Shekara biyu ke nan bayansa ya lalace, ba ya iya kwanciya a ƙasa. Bai so masu mota su sani ba, don sunansa suke bi su zo. Sai ya riƙa zura ƙusa ta sama, ya miƙa wa mai walda notin a ɓoye, in an ɗaure shi kuma ya ja fenti a gaban jama'a. Jiya mai famfo yana tsaye a kansa, yana sauri don Baba ya fara rigimar a tafi. Buroshi na hannunsa, sai ya ja layin, da niyyar in mai walda ya dawo ya ba shi notin. Wani mai mota ya shigo da surutu, maganar ta fita daga kansa.

"Yaushe ka tuna?"

"Yau da safe, da na sa rigar na ji su a aljihu."

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas."

"Kana da lambarsa?"

Injiniya ya gyaɗa kai. Ya ce ya ɗauki wayar har sau uku yana ajiyewa. Me zai ce? Ya ce masa layin rawayan ƙarya ne? Sai ya lallashi kansa cewa na gaba za su riƙe har motar ta dawo.

Awa uku ke nan tsakanin takwas da sha ɗaya. Sufeto ya ji haushi ya ji tausayi, ya rasa wanda zai ɗauka. Saje ya ciro ankwa, ya dubi bayan mutumin, ya mayar da ita aljihu. Da ƙyar aka cusa shi a mota.

A caji ofis, Sufeto da kansa ya buɗe wa mai famfo. A ƙofa suka yi kiciɓis da Injiniya ana shiga da shi. Aka wuce da Injiniya ciki.

Sufeto ya zaunar da mai famfo a benci, ya ɗora masa notin biyu a tafin hannu, ya bayyana masa komai dalla-dalla. Ya ce ba gudu ba ne, ba birki ba ne, ko wane direba ne da ɗakin nan sai ya faɗi. Ya ce ya tafi ya yi wa mahaifinsa sutura, ba shi da laifi. Yana faɗa yana jiran ya ga fuskar mutumin ta saki ko kaɗan.

Mai famfo ya daɗe yana kallon notin.

"Muna da alama ni da Baba," ya ce. "In yana so in tsaya, sai ya buga bango sau uku. Tun kafin gada yake bugawa. Na ɗauka fitsari ne, don sau biyu na tsaya masa da safen nan bai yi komai ba. Na ce, Baba, yi haƙuri mu wuce kwanar nan." Ya ɗago ya dubi Sufeto. "Ashe ɗakin ne yake ji yana zamewa."

Mai famfo ya ajiye notin a kan benci, ya ɗauki takalmin wari ɗaya, ya tambayi hanyar ɗakin ajiye gawa.