Fatalwa Mai Tabo a Gira

"Me ɗana ya yi miki da kika kashe shi?"

Da wannan Maman saurayina ta tarbe ni, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Sabon littafina na kan cinyarta.

A bayan kujerarta 'yar ƙanwarta ce tsaye, wadda duk dangi ke kira Rediyo, tana wani murmushi da ya gaya mini wanda ya kawo littafin. Ta daɗe tana son sa, ni kuma na zo na tare mata hanya.

"Mama, labari ne kawai..."

"Labari? Dogo, bahago, da tabo a gira, yana sayen tsofaffin ƙofofi. Sannan a shafin ƙarshe a ce ashe ya daɗe a kabari! Ba zan ba da ɗana ga wadda ta riga ta yi masa likkafani da alƙalami ba."

Ban iya musu ba. Shi ɗin ne.

Soyayya mai ban tsoro nake rubutawa, kuma ba na iya rubutu a ɗakina. Gidajen da za a rushe nake bi da hantsi, in zauna a ɗakin da aka kwashe kaya, in yi shiru. Bango na riƙe da shatin hotunan da aka cire. Ƙusa ɗaya takan ba ni babi guda: wa ya rataye rigarsa a nan, wa ta zauna tana jiran sa?

A irin wannan gidan na fara ganin sa. Rana na zubowa ta tagar da ba gilashi, sai ga ƙofa tana tahowa ita kaɗai, a hankali, kamar a mafarki.

Na ƙwalla ƙara!

Ƙofar ta tsaya, wani ya leƙo ta bayanta.

"Baiwar Allah, ai ni ya kamata in yi ihun. Farin mayafi a kango?"

Tun ranar yake kira na Matsoraciya. Yakan bugo waya ya ce, "Matsoraciyata, na samo miki gida, matakalarsa kuka take kamar jariri, zo ki ji kafin a rushe." Shi yana cire ƙofa, ni ina zaune a ƙasa ina rubutu, ina satar kallon girarsa. Na so shi har na rasa inda zan ajiye son, sai na zuba shi a littafi.

Yanzu ga shi durƙushe gefen Mamansa, kansa a ƙasa.

"Mama, don Allah ki..."

"Rufe mini baki!"

Rediyo ta matso. "Inna, duk littattafanta haka suke fa. Babu saurayi ko ɗaya mai rai."

Mama ta dube ni. "Haka ne?"

"Haka ne."

"Don me?"

Babu wanda ya taɓa tambaya ta. Masu karatu kuka suke su nemi ƙari. Sai na ji hawaye sun riga ni magana.

"Ina ƙarama Babana ya fita da safe, ya ce mu jira shi. Hatsari ya yi a hanya. Tun lokacin duk wanda nake so, in ya fita sai in ji kamar shi ke nan. Wanda ya riga ya mutu kuwa, Mama... ba zai sake mutuwa ya bar ki ba. Wallahi ba mutuwarsa nake so ba. Tsoronta nake ji."

Ko Rediyo ta ɗauke wuta.

Mama ta daɗe tana shafa bangon littafin. Ita ma ta binne miji, na sani.

"Ashe da gaske matsoraciya ce ke," ta ce a hankali. "Ni na rasa ubansa, 'yar nan. Amma da za a mayar da ni baya, ina sane da ranar da zai tafi, shi zan sake aura. Fatalwa ba ya minshari, ba ya ɓata miki rai, amma ba ya riƙe miki hannu ranar da kike ciwo."

Ta miƙo mini hannu.

"Taso. A littafi na gaba ki bar mini shi da ransa."

Na faɗa jikinta ina kuka. Shi kuwa ya ɗago, idonsa ja, yana dariya. "Masoyiya, ki rubuta ni da minsharina, na yafe."

An ɗaura mana aure, kuma littafin da na rubuta shi da ransa ya fi duk na baya ba ni wahala, don ban taɓa rubuta abin da ya kai mai rai ban tsoro ba. Har yau in ya ɗauki jakar aikinsa da safe gabana sai ya faɗi. Ina barin gaban nawa ya faɗi, in ce masa Allah ya tsare, in shiga kicin in ɗora girkin mutum biyu.