Kaset Talatin da Bakwai

Ranar Litinin da hantsi, mai kula da ɗakin ajiya na gidan talabijin ta saka kaset a na'ura, allo ya kawo ɗigo-ɗigo fari, ba hoto ba murya. Ta saka na biyu, haka. Kafin azahar ta gano talatin da bakwai, duk an goge su tas. Na shekarun tarzoma ne, kuma ranar Laraba ya kamata a miƙa su ga kwamitin da ke binciken mutanen da suka ɓace a lokacin.

Sufeton 'yan sandan da aka turo mace ce marar yawan magana. Ta duba ƙofa, ba a ɓalle ba. Kaset ɗin na jere bisa lamba, kowanne a kwalinsa. Na'urar gogewa kuwa tana kusurwa, an mayar mata da mayafinta.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da Darakta," in ji mai ajiyar, idanunta jawur. "Sai Baba Almakashi, tsohon mai haɗa hotonmu. Ya yi ritaya, amma duk Alhamis yana zuwa ya duba mana tsofaffin na'urori."

"Wa ya zaɓi kaset ɗin da za a kai?"

"Ni. Wata biyu ina bin rajista. Ƙanen mahaifiyata na cikin waɗanda suka ɓace, ranki ya daɗe."

Sufeto ta karɓi takardar jerin, ta ƙirga sau biyu. Talatin da ɗaya ne. Ta ware shidan da ba sa ciki: huɗu na gasar waƙa, biyu na wasan barkwanci. Mai ajiyar ta rantse ba ta taɓa kallonsu ba, yau ma don ta gwada ko na'urar ce ta lalace ta jawo su.

Darakta ya tarbe ta da murmushi da ruwan sanyi. Shekararsa uku a kujerar.

"Ina nake ranar Alhamis, ina nake ranar Juma'a, duk ki tambaye ni," in ji shi. "Ni ko kunna wancan abin ban iya ba."

"Yallaɓai, me ke cikin kaset na gasar waƙa?"

"Waƙa mana! Har su ma an goge? To wannan ai mahaukaci ne."

Ta yarda da mamakinsa. Da shi ne, ko wani da ya aika, jerin da ke kan teburinsa zai bi, ya tsaya a talatin da ɗaya.

Ta koma ɗakin ajiya ta zauna da kwalaye shida. Kowanne kaset na awa guda ne, amma an rubuta shirin minti ashirin. Kwanakin da ke jiki duk sun faɗo cikin makonnin da hukuma ta hana ɗaukar hoto a titi. Rubutun kuma na hannu ɗaya ne, ƙanana, a karkace.

Ta sami Baba Almakashi a ƙofar gidansa, ya buɗe cikin wata rediyo. Ta gaishe shi, ta ajiye kwalayen a kan bencinsa.

"Baba, me ke cikin sauran minti arba'in ɗin?"

Ya daɗe yana kallon rubutunsa kafin ya ajiye abin hannunsa.

"Zauna, 'yata. Abin da aka hana ɗauka ne. Masu kyamara su kawo a ɓoye, ni in liƙa a bayan waƙa. Ba wanda ya sani sai ni, su duk sun rasu."

"Shi ya sa na zo nan. Wanda ya goge ya san abin da ba ya cikin rajista. To wanda ya ɓoye su shekara talatin, me zai sa ya goge?"

"Kafin in fara ɓoyewa, jami'ai uku suke zuwa su zauna a bayana. In saka kaset, ɗayansu ya ce, 'Tsaya nan.' In tsayar. Ya ce, 'Matso da fuskar.' In matso. Bayan kwana biyu sai ka ji uwar yaro tana yawon nema. Alhamis ɗin nan kwamiti ya turo masaninsa ya duba na'urarmu. Ya yi furfura, ya yi ƙiba. Ya dafa kafaɗata ya ce, 'Malam, har yanzu hannun nan na aiki?' Shi ne mai cewa in tsaya."

"Da ka kai ƙara."

"Wurin wa? Kuma ya ce bayan waɗannan, ɗakin gaba ɗaya za su kwashe. Akwai fuskoki a ciki da yanzu suke da jikoki."

"Akwai kuma iyayen da wannan ne kaɗai shaidarsu, Baba."

"Na sani. Na auna, na zaɓi masu rai. Ban ce na yi daidai ba." Ya miƙo hannayensa biyu. "Ki kai ni gaban alƙali. Abin da na goge yana kaina, rana da titi da wanda ya ba da umarni. In faɗa a rubuta."

Ta kai shi ofis, ta rubuta rahoto shafi huɗu, ta shiga da shi wurin shugabanta. Ya karanta shafin farko, ya tsaya a na biyu inda aka ambaci masanin, ya kife takardun.

"An riga an kira ni. Danshi ne ya lalata kaset ɗin."

"Ranka ya daɗe, ya amsa laifinsa da bakinsa."

"Tsoho ne, ya rikice. Babu laifi, babu shari'a. Sallame shi."

Ta fito ta tarar da Baba Almakashi a benci, ya cire agogonsa da hularsa ya ajiye a gefe, yana jiran a rufe shi.

"Yaushe ne zaman kotun, 'yata?"

Ta ɗauki hular ta miƙa masa.

"Tashi ka tafi gida, Baba."

Bai karɓa ba. Tana nan tsaye da hular a hannu har aka kira ta wani aikin.