Ranar da Sanda Ta Faɗi a Kazahama

"Sassauta! Chizuru, na ce ki sassauta! Wannan ai shaƙe sandar kike yi!"

"Idan na sassauta faɗuwa za ta yi!"

"Idan kika matse ne za ta faɗi. Sau nawa zan gaya miki?"

Chizuru ta sauke hannuwanta tana haki. Kwana tara ke nan, kullum da la'asar idan saurayinta Tatsuro ya dawo daga teku, sai su shiga rumbun ajiyar taru da ke bayan tashar jirage, inda babbar gangar gari take, ya koya mata kiɗa. Har yau ba su wuce riƙon sanda ba.

Ya kama hannunta ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Tafin duk ya yi bororo, wasu har sun fashe.

"Dubi yadda kika mayar da hannun amaryata... Me zan ce wa mutane? Na auro mai fasa dutse?"

Ko murmushi ba ta yi ba.

"To duba nan, Chizu tawa." Ya ɗora mata sandar a tafi. "Bar faɗin yatsu biyu daga gindi. Babban yatsa ya zagayo ya haɗu da manuni. Kada ki kwantar da shi a bayan sanda, ganga za ta mayar miki da dukan ta targaɗa shi. Sauran ukun nan rakiya kawai suka zo. Kin taɓa riƙe kifi mai rai? Kina matse shi zai sulɓe. Sai sanda za ta taɓa fatar ganga ki damƙe, ki sake saki."

"Kunnena ya ji. Hannun ne ba ya ji."

Ba taurin kai ne ke damun yarinyar nan ba, tsoro ne, kuma duk ɗan Kazahama ya san dalilinsa. A garinmu kiɗan bikin kaka zagayawa yake tsakanin gidaje bakwai, kuma dole wanda aka haifa a gidan ne zai riƙe sanda. Gidan da ya kasa fitar da mai kiɗa, a sauke fitilarsa daga ƙofar ɗakin bauta, ba kuma za a sake rataya ta ba. Sannan ga maganar da ba mai faɗinta da ƙarfi: duk wanda sanda ta suɓuce masa a gaban ɗakin bauta, teku za ta karɓi namiji ɗaya daga gidansu.

Shekara bakwai da suka wuce sanda ta suɓuce wa yayanta Shunpei. Washegari ya fita da jirgi, jirgin kawai aka tsinto.

Bana layi ya sake zagayowa kan gidan su Chizuru, gidan Kumagai. Mahaifinta, tsoho Genzo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba kowa sai ita, wadda ba ta taɓa ɗaga sandar kiɗa ba a rayuwarta. Shi kuwa Tatsuro an riga an yi musu baiko da ita, bayan biki zai tare a gidansu ya ɗauki sunan Kumagai, kamar yadda ake yi a gidan da ba ɗa namiji.

"Tatsuro... ina so mu fasa."

"Mu fasa koyo? Saura kwana biyar fa!"

"Mu fasa auren."

Ya tsaya yana kallonta kamar ta mare shi.

"Ka mayar wa iyayenka kayan baiko," ta ce. "Idan sanda ta faɗi, ta faɗi a gidan da ba kowa sai ni da tsoho mai rabin jiki. Teku ta zo ta rasa abin ɗauka."

"Au, teku za ki yi wa wayo?"

"Kai kaɗai ne mai shiga ruwa da ya rage mana! Ba ka gane ba? Duk sanda na ɗaga hannu, fuskarka nake gani a ƙarƙashin ruwa!"

"Rabin raina, saurare ni. Ni ba na fasawa. Ko teku ta tsayar da ni ta tambayi ɗan wane gida ne, zan ce mata Kumagai..."

"Yi shiru!" Ta toshe masa baki da tafinta mai ciwo. "Kada ka sake faɗa! Kada ta ji ka!"

Ta kwashe sandunan ta fice da gudu, tana jin yana kiran sunanta ba ta waiwaya ba.

A gida ta zuba wa mahaifinta shinkafa da miyar miso, wadda ake yi da daddawar waken soya, ta zauna gefe a kan tabarma. Tsoho Genzo mutum ne mai tsadar magana tun yana da lafiya, balle yanzu. Tun rasuwar Shunpei ba a ƙara ambaton ganga a gabansa ba. Ya san inda Chizuru take zuwa da la'asar, ta san ya sani, kowa ya ja bakinsa.

Ta ɗauki tsinken cin abinci, yatsun suka ƙi lanƙwasa. Tsinke ɗaya ya faɗi cikin miya.

"Kawo hannun," in ji tsohon.

"Ba komai, Baba, wuƙa ce ta..."

"Kawo. Da sandar."

Ta ɗauko sandar daga cikin jaka ta durƙusa a gabansa. Da hannunsa na hagu ya jera mata yatsu, daidai yadda Tatsuro ya jera su, sannan ya kama bakin sandar ya ja a hankali. Ta ƙi fita. Ya girgiza kai.

"Saki. Ƙara saki. Sai na ja ta taho, amma idan ban ja ba ta zauna."

Suka yi ta yi har miya ta huce. Can dai ya ja, sandar ta sulɓo cikin yatsunta sumul, ta tsaya.

"Haka." Ya kau da kai wajen bango. "Shunpei ma matsewa yake yi. Ni na ce masa ya matse."

Ta tashi ta kwashe kwanukan.

Ta koma rumbu washegari. Maganar fasa aure ba wanda ya sake tayar da ita, amma tana nan zaune a tsakaninsu. Hannu dai ya fara ji. Ganga ta fara ba da murya mai zurfi wadda ake ji har cikin ciki, Tatsuro har tsalle ya yi.

"Kin ji! Wannan ita ce Chizu tawa!"

Ranar biki da hantsi duk gari ya hallara a filin ɗakin bauta. An ɗora ganga a saman matakalar dutse, fitilu bakwai suna lilo a ƙofa. Chizuru ta fito cikin gajeruwar rigar biki mai alamar gidansu, ta ɗaure goshi da farin ƙyalle. Tsofaffin mata suna raɗa, ita kuwa kowace raɗa a bayan wuyanta take sauka. An zaunar da mahaifinta a kujera can gefe.

Mai sarewa ya busa. Ta ɗaga hannu.

Dum! Dum! Kiɗa ya tashi lafiya lau. Sanda tana zuwa tana dawowa da kanta, har ta fara mantawa da mutane. Aka shiga zango na ƙarshe, mai sauri, wanda ake yi wa masu shiga teku. Masunta suka matso gaba suka jeru kamar yadda aka saba, domin kiɗan ya sauka a kansu.

Nan ta yi kuskuren ɗaga ido. Ga Tatsuro a tsakiyar layi yana mata murmushi, a daidai inda Shunpei ya saba tsayawa.

Ba ta san lokacin da yatsunta suka damƙe ba. Wuyan hannunta ya sandare. Ta kai duka, fata ta mayar mata da shi, sandar hagu ta yi sama.

Kowa ya ji ƙarar faɗuwarta. Ƙwal... ƙwal... ƙwal... tana gangara matakala har ƙasa.

Sarewa ta ɗauke. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Chizuru ta tsaya da sanda ɗaya a hannu, zuciyarta na cewa: na kashe shi, na kashe shi da hannuna.

Sai aka ji jan ƙafa a kan tsakuwa.

Tsoho Genzo ne ya miƙe. Wani ya kai hannu zai tallafe shi, ya ture. Ya ja jiki har gindin matakala, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki sandar, ya hau ɗaya bayan ɗaya, gari duk yana kallo. Ya tsaya a hagun 'yarsa, gumi na zuba.

"Ke dama, ni hagu."

"Baba... ta faɗi..."

"Na gani, ba makaho ba ne ni. Ɗaga hannu!"

Haka suka ƙarasa kiɗan, uba da 'ya, kowa da sanda ɗaya, hawaye na bin kumatunta. Ba a taɓa ganin irin haka a Kazahama ba, amma ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa fitilar gidan Kumagai.

Fitila ta tsira, amma Chizuru ba ta fitila take ba. Gari bai gama wayewa ba ta riga kowa isa tasha. Ta tarar da Tatsuro yana kwance igiyar jirginsa, ta riƙe masa riga da hannu biyu.

"Kada ka fita. Yau kaɗai! Na roƙe ka, masoyina, yau kaɗai!"

"Gobe fa? Jibi fa?" Ya share mata hawaye da babban yatsa. "Idan na zauna yau, har mu tsufa kina riƙe da rigata. Dubi sama, garau take. Ko iska babu."

"Shunpei ma..."

"Sake shi ya tafi."

Ta juya. Mahaifinta ne, dogare da sanda. Shekara bakwai rabon da ƙafarsa ta taka tashar nan.

Ta saki rigar, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Jirage goma sha ɗaya suka fita, ta bi na Tatsuro da ido har ya zama ɗigo.

Ita da mahaifinta suka zauna a kan akwatin kifi. A wancan zamanin ƙananan jirage irin namu ba su da hanyar aiko da labari, sai dai a zuba wa ruwa ido. Rana ta ɗaga. Kafin tsakar rana jirage suka fara dawowa. Ɗaya, uku, bakwai... goma. Duk wanda ya sauko sai ya kau da kai daga gare ta.

"Kun gan shi? Don girman iyayenku, kun gan shi?"

"Ya yi gabas shi kaɗai, Chizuru. Zai zo..."

Rana ta karkata. Matan da ke gyaran kifi suka daina hira. Chizuru ta durƙushe a gaban mahaifinta.

"Baba, kai ka ce in sake shi!"

Tsohon bai ɗauke ido daga teku ba.

"Ranar da Shunpei ya fita, hadari ya haɗu baƙi ƙirin," ya ce a hankali. "Ba jirgin da ya motsa sai nasa. Kin san abin da ya fitar da shi? Da muka dawo daga biki na ce masa ya zubar da sunan gidanmu, kada in sake ganin fuskarsa. Ya fita ne don kada in gan ta." Ya juyo ya dube ta. "Mutane suka ce sanda ce. Na bar su suna faɗa, don ya fi mini sauƙi. Shekara bakwai na bar ki da tsoron nan, 'yata... Ki yafe mini."

Ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba sai ranar. Ta rungume gwiwoyinsa, suka yi kuka tare, ga tsoron bai tafi ba, yana nan daram a ƙirjinta.

"Jirgi!" wata mata ta ƙwala ihu. "Ga jirgi can!"

Yana tafe a hankali, ba ƙarar inji, mutum ɗaya a tsaye yana tuƙi da filafili. Chizuru ba ta jira ya iso ba. Ta faɗa ruwa da kayanta har ƙugu.

"Tatsuro! Tatsuro!"

Ya diro ya cafe ta, duk jikinsa baƙin mai.

"Igiya ce ta naɗe farfela, tun hantsi nake fama... Kai! Chizu, dukan fa? Ni ba ganga ba ne!"

"Mugu! Azzalumi! Ka kusa kashe ni!" Tana dukan ƙirjinsa tana kuka tana dariya.

"To yanzu a mayar da kayan baikon ko a bar su?"

"Ka taɓa su ka gani!"

Suka fito gaɓa yana riƙe da ita. Tatsuro ya tsaya gaban tsoho Genzo ya rusuna har ƙasa, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

"Baba, a yi haƙuri, na sa ku jira."

Tsohon ya dube shi. Sannan ya miƙa hannunsa mai lafiya ya dafa kafaɗar saurayin, ya dogara da ita ya miƙe tsaye.

"Ka dawo, ɗana," ya ce. "Ka dawo... Mu je gida."