Ranar da Haulatu Ba Ta Zo Jarrabawa Ba

Akwai wata yarinya a unguwar Sabo ta Ibadan, 'yar aji biyar na sakandare. A Ibadan aka haife ta, Yarbanci kuwa a bakinta kamar ruwa. Ita ce monitar ajinsu.

Bana shugabar makaranta ta kafa doka. Kowane aji sai ya kai maki sittin a jarrabawar gwaji. Ajinsu ya zo na ƙarshe a zagayen farko, kuma darasin Yarbanci ne ya ja su ƙasa.

Yarinyar ta cika ta yi fam. A ganinta laifin Haulatu ne, 'yar ajinsu da ta zo daga Funtuwa bara, ko gaisuwar Yarbanci ba ta iya ba. Ku ji abin da ta aikata, don Allah.

Ta tare Haulatu a bakin famfo, ta ce, "Ke kike ba mu kunya. Ran Laraba za a sake gwaji, ki zauna a gida, ki ce zazzaɓi kike. In babu takardarki, makinmu zai hau."

Haulatu ta sunkuyar da kai, ta ce, "To." Ran Laraba ba ta zo ba.

Maki ya hau, har da tafi. Amma da aka karanta sunayen masu wucewa aji shida, babu Haulatu. Ashe duk wanda bai zauna gwajin ba, sai ya maimaita aji. Shekara guda ta baiwar Allah, saboda lambar maki da ake liƙawa a bango.

Monitar ta koma gida, ta gaya wa Ummanta abin da ta aikata.

Umma ta ajiye ludayi. "Ke, 'yar cikina? Da na zo garin nan ko ruwa ban iya tambaya da Yarbanci ba. Maƙwabta suka koya mini. Da irinki na tarar, ina zan sa kaina? Gobe ki je da ƙafarki ki faɗi gaskiya."

Washegari yarinyar ta je ofishin shugabar tana kuka. "Ma, ni na hana ta zuwa."

Ran shugabar ya ɓaci ƙwarai. "Gwajin nan don in gane mai buƙatar taimako nake yin sa. Ke kuma kin ɓoye mini ita. Me zan yi da sittin ɗin ƙarya? Daga yau ba ke ce monita ba. Haulatu za ta zauna gwajin bayan sati uku, kuma ke za ki koya mata."

Yarinyar ta ba Haulatu haƙuri. Kullum da yamma sai su tafi kasuwar Mokola, Haulatu ta taya tumatir da Yarbanci, masu sayarwa na gyara mata suna dariya.

Haulatu ta ci hamsin da biyu. Aka sa sunanta a aji shida.

Yarinyar ta riƙe hannunta, ta ce, "Na gane yanzu. In wani ya yi baya a aji, taimaka masa ake yi, ba a ɓoye shi."